Darasi na Tara: Tsarawa da Haɗa Kiɗan Lantarki Mai Salon Shekarun 1980

Kiɗan lantarki shi ne wanda sautinsa ke fitowa daga na'urori masu aiki da wutar lantarki maimakon fata ko tsirkiya ko busa, kuma a cikinsa akwai wani reshe da masu yin sa a yau suke komawa da gangan ga irin sautin da aka saba ji a faya-fayai da finafinai daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Tushen wannan sauti yana cikin ayyukan ƙungiyar Kraftwerk ta ƙasar Jamus, da waƙar I Feel Love wadda Giorgio Moroder da Pete Bellotte suka tsara wa Donna Summer a 1977, da kuma kiɗan da Vangelis ya yi wa fim ɗin Blade Runner a 1982. Salon ya yi sanyi na wani lokaci, sannan ya dawo da ƙarfinsa bayan fitowar fim ɗin Drive a 2011 da shirin talabijin na Stranger Things a 2016, har ya kai ga waƙoƙin da suka cika gidajen rediyo irin su Blinding Lights ta The Weeknd a 2019. Afirka ma tana da nata rabon a wannan tarihi, domin a 1978 Mamman Sani ya shiga situdiyon gidan rediyon Nijar a Yamai da ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya naɗi kaset ɗin da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013, yayin da William Onyeabor a Inugu da Francis Bebey ɗan Kamaru suke nasu gwaje-gwajen da irin waɗannan na'urori.

Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga farko shi ne, sautin wancan zamani ya samo kamanninsa ne daga iyakar abin da na'urorin ke iya yi. A wancan lokaci babban situdiyo yana naɗa a kan zare mai layi 24, mai aiki a gida kuwa, idan ya yi sa'ar mallakar Portastudio da kamfanin TEAC ya fitar a 1979, layi huɗu kacal yake da su a kan kaset, saboda haka dole kowane sauti ya cancanci wurinsa kafin a ba shi. Wanda ya zauna gaban kwamfuta a yau yana iya buɗe layi ɗari ya cika su, kuma wannan yalwar ita ce ke dulmiyar da yawancin masu farawa, domin sukan tara sautuka ashirin suna gogayya da juna, daga baya su koma neman na'urar da za ta raba musu rigimar. Rabin aikin haɗa sauti ana gama shi ne tun lokacin zaɓen sautukan.

Na'urorin da suka haifi sautin

Sauti girgiza ce ta iska, ana kuma auna ta da haz, wato yawan girgiza a cikin daƙiƙa guda. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kimanin haz 20 zuwa 20,000, inda ƙananan lambobi suke nufin sauti mai kauri, manya kuma sauti siriri mai kaifi. Sintesaiza ita ce na'urar da ke ƙera wannan girgiza da lantarki, kuma irin wadda ta yi tashe a farkon shekarun 1980 tana da sassa uku da ya wajaba a fahimce su. Na farko shi ne osileta, wanda ke fitar da ɗanyen sauti, galibi mai siffar haƙoran zarto, wanda yake cike da kaifi, ko mai siffar kusurwa huɗu, wanda yake da ɗan rami a cikinsa irin na busa. Na biyu shi ne matata, wadda ke zubar da sashen sauti mai kaifi ta bar mai kauri ya wuce, ta yadda idan aka murɗa ta a hankali sai a ji sautin yana buɗewa yana haske, ko yana rufewa yana dusashewa. Na uku shi ne tsarin hawa da sauka, wanda ke fayyace abubuwa huɗu: saurin tashin sauti idan an danna maɓalli, da saurin saukarsa daga ƙololuwa, da matsayin da zai tsaya muddin yatsa na kan maɓallin, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya mutu bayan an ɗaga yatsa. Da waɗannan sassa uku kaɗai ake samar da bes, wato sauti mai kauri, mai gajeren numfashi, da shimfiɗa, wato dogon sautin da ke kwance a bayan kiɗa, mai tashi a hankali, bambancinsu kawai yana cikin yadda aka saita su.

Juno-106, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1984, misali ce mai kyau ta yadda rashi ya zama salo. Muryoyi shida kawai take iya fitarwa lokaci guda, kowace murya kuma osileta ɗaya ke gare ta, abin da ya sa ɗanyen sautinta ba shi da kauri sosai. Sai aka haɗa ta da koras, wato wata dabara da ke kwafar sauti ta jinkirta kwafin kaɗan tana ɗan karkata muryarsa sama da ƙasa, sannan ta raba shi hagu da dama. Wannan faɗi mai ɗan rawa da koras ke bayarwa shi ne abin da mutane da yawa ke ji a yau su ce sun ji shekarun 1980. Yamaha DX7 ta 1983 kuwa ta bi wata hanya dabam, wadda John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda girgiza ɗaya ke karkata wata da sauri ƙwarai har a sami sautin ƙararrawa da na fiyano mai ƙyalli irin na gilashi. An sayar da fiye da 150,000 na wannan na'ura, kuma da yake saita ta yana da wuya, yawancin makaɗa sun tsaya kan sautukan da aka zuba mata daga masana'anta, shi ya sa ake jin sauti iri ɗaya a ɗaruruwan waƙoƙin wancan lokaci.

A ɓangaren ganguna, TR-808 ta 1980 tana ƙera bugunta da lantarki zalla, kuma ba ta yi kasuwa ba da farko saboda ba ta kama da gangar gaske, har aka daina ƙera ta a 1983 bayan an fitar da kimanin 12,000, sai daga baya babbar gangarta mai dogon gurnani ta zama abin nema. LinnDrum ta 1982 ta bambanta da ita, domin gajerun sautukan ganguna na gaske aka naɗa aka zuba mata, kuma ƙarancin ma'ajiyarta ya sa sautukan suka fito gajeru, busassu, masu ɗan kaushi. A 1983 ne kuma aka fara amfani da MIDI, ƙa'idar da Dave Smith da Ikutaro Kakehashi suka jagoranci samar da ita domin na'urorin kamfanoni dabam-dabam su riƙa karɓar umarni daga juna. Ita ce har yau take ɗaukar bayanin wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, kuma na tsawon wane lokaci.

Mai koyo ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori masu tsada. Kwamfuta matsakaiciya da hedifon mai gaskiya da manhajar tsara kiɗa guda ɗaya, kamar FL Studio ko Ableton Live ko Reaper ko LMMS wadda kyauta ce, sun wadatar, sannan akwai ƙananan manhajoji na kyauta da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin, irin su Dexed mai kwaikwayon DX7 da TAL-Chorus-LX mai kwaikwayon koras na Juno. Shawara mafi amfani ita ce a zaɓi sintesaiza ɗaya a zauna da ita har a san ta ciki da bai.

Gina kiɗan

Ana fara aiki da zaɓen sauri, wanda ake ƙirgawa da yawan bugu a minti, kuma wannan salo galibi yana tafiya tsakanin bugu 80 zuwa 120. A wannan darasi za a ɗauki 100 saboda lissafinsa yana da sauƙi. Tsofaffin na'urorin ganga suna raba kowane zango na bugu huɗu zuwa gurbi 16, kuma manhajojin yau sun gaji wannan tsari. Idan aka sa babbar ganga a gurbi na 1 da na 9, aka sa ƙaramar ganga mai waya, wadda ake kira sineya, a gurbi na 5 da na 13, sannan aka jera bugun ƙaramin farantin ganga a gurbi na 1 da 3 da 5 har zuwa 15, to an sami ƙashin bayan kiɗan. A kan wannan ake ɗora kod, wato muryoyi uku ko fiye da ake dannawa lokaci guda. Jerin Am da F da C da G, kowanne zango ɗaya, ya dace da mai farawa domin fararen maɓallai kaɗai yake bukata, kuma yana da ɗan juyayin da salon ke so. Bes yana bin tushen kowane kod yana maimaita murya ɗaya sau takwas ko goma sha shida a zango, kusan kamar yadda injin jera sauti ya yi a waƙar I Feel Love, sannan a ƙara kari guda ɗaya gajere wanda mutum zai iya rerawa da baki bayan ya ji shi sau biyu. Ganguna da bes da shimfiɗa da kari, sai wataƙila wani siririn sauti mai warware kod murya bayan murya: waɗannan biyar sun isa kiɗa, kuma ya fi kyau a koyi sa su shiga su fita a kowane zango takwas da a ƙaro na shida.

Haɗa sauti

Haɗa sauti, wanda ma'aikatan situdiyo ke kira miksin, shi ne daidaita layukan da aka tsara ta yadda za su zama kiɗa ɗaya da ake jin kowane sashensa. Matakin farko shi ne ƙarfi, wanda ake aunawa da desibel. A cikin kwamfuta sifili shi ne rufin da ba a ƙetarewa, domin duk sautin da ya haura shi sai kansa ya gutsure ya fito da ƙara mai muni, don haka ake so jimlar kiɗan ta tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili. Hanya mai kyau ita ce a sauke dukkan layuka ƙasa, a ɗago babbar ganga ita kaɗai, a kawo bes ya zauna da ita, sannan sineya, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an taɓa wata na'urar gyara ba tukuna. Idan kiɗan bai yi daɗi ba a wannan mataki, matsalar tana cikin zaɓen sautuka ko tsarinsu, kuma can ya kamata a koma.

Mataki na biyu shi ne ikwalaiza, wadda ke ƙara ko rage wani yanki na girgizar sauti. Tsakanin haz 20 da 20,000 tamkar kasuwa ce mai ƙayyadaddun rumfuna, idan 'yan kasuwa biyu suka baje kaya a rumfa ɗaya babu wanda za a ga hajarsa da kyau. Nauyin babbar ganga yana wajen haz 50 zuwa 80, bes yana zaune daga nan zuwa sama kaɗan, jikin sineya yana wajen 200, yankin 200 zuwa 400 kuma shi ne inda sautuka ke taruwa su yi laka, yayin da 2,000 zuwa 5,000 yake yankin da kunne ya fi saurin ji, kuma ya fi saurin gajiya da shi. Shimfiɗa irin ta Juno tana da kauri a ƙasa wanda ba a lura da shi idan tana kaɗawa ita kaɗai, amma yana danne bes da zarar an haɗa su, saboda haka ake yanke mata duk abin da ke ƙasa da haz 150 ko makamancin haka. Mai koyo zai ji ta rame idan ya saurare ta ita kaɗai, kuma wannan bai kamata ya dame shi ba, tunda mai sauraro ba zai taɓa jin ta ita kaɗai ba. Ragewa ta fi ƙarawa amfani a mafi yawan lokuta, kuma akwai dalilin da ya sa ake ruɗuwa a nan: tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne yana ƙara jin kauri da kaifi idan ƙarfin sauti ya ƙaru, don haka duk abin da aka ƙara wa ƙarfi sai ya yi kamar ya fi daɗi. Kafin a yanke hukunci cewa gyara ya yi amfani, sai a daidaita ƙarfin wanda aka gyara da na asali, sannan a kwatanta.

Babbar ganga da bes su ne suka fi yawan faɗa, domin gidansu ɗaya. Hanya mafi tsabta ita ce a zaɓi ganga mai gajeren bugu idan bes ɗin mai kauri ne, ko a sirance bes idan ana son dogon gurnanin TR-808. Akwai kuma dabarar kwamfaresa, wato na'urar da ke danne sauti kai tsaye idan ya haura wani matsayi. Ana iya ɗora ta a kan bes a umarce ta da sauraron babbar ganga, ta yadda duk lokacin da ganga ta buga sai bes ya sunkuya da desibel 3 ko 4 na ɗan ƙanƙanin lokaci ya ba ta hanya. Ya dace a sani cewa sunkuyawa mai tsanani, wadda ke sa kiɗa duka ya riƙa numfashi, ta yi tashe ne da makaɗan Faransa na ƙarshen shekarun 1990 irin su Daft Punk, don haka wanda yake neman ainihin sautin shekarun 1980 sai ya yi amfani da ita a ɓoye, yadda za ta yi aiki ba tare da an ji ta ba. Game da hagu da dama kuwa, babbar ganga da bes da sineya da kari suna zama a tsakiya, faɗi kuma a bar wa shimfiɗa da siraran sautuka. Idan aka sa wa kowane layi koras, faɗin sai ya ɓace, tunda kunne yana gane faɗi ne idan akwai wani abu tsayayye a tsakiya da zai auna da shi.

Babu abin da ya fi fito da wannan zamani fili kamar yadda aka sarrafa amon ɗaki, wato dogon amon da sauti ke bari idan ya bugi bango ya dawo, wanda na'ura ke iya ƙerawa. A situdiyon Townhouse na Landan, lokacin naɗar kundi na uku na Peter Gabriel wanda ya fito a 1980, injiniya Hugh Padgham ya ji gangunan Phil Collins ta wata makirfo da aka tanada don magana tsakanin ɗakuna, wadda ke da kwamfaresa mai tsanani, kuma daga nan aka gina sautin da ya shahara a waƙar In the Air Tonight ta 1981: amo mai girma wanda ake datse shi farat ɗaya kafin ya mutu da kansa. Ana samun sa a yau ta hanyar tura kwafin sineya zuwa wani layi na dabam mai amon ɗaki na kimanin daƙiƙa biyu, a sa ƙofa a bayansa, wato na'urar da ke buɗewa idan sineya ta buga ta kuma rufe bayan lokacin da aka ɗiba mata. Lokacin nan lissafi ne: idan aka raba 60,000 da saurin kiɗa ana samun tsawon bugu ɗaya a milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka a saurin 100 bugu ɗaya milisakan 600 ne, rabinsa kuma 300. Ƙofar da ke rufewa wajen milisakan 300 tana ba sineya girma, ta kuma bar fili a buɗe kafin bugu na gaba. Wannan lissafi shi ne kuma ake saita amsa-kuwwa da shi, wato maimaicin sauti bayan ɗan jinkiri. Milisakan 450, kashi uku cikin huɗu na bugu, yana sa maimaicin ya faɗa tsakanin muryoyin kari ya cika guraben da ke tsakaninsu. Tsofaffin situdiyo suna da na'urorin amo ɗaya ko biyu ne kawai da dukkan layuka ke tarayya a kansu, kuma kwaikwayon wannan, wato layin amo ɗaya gajere da ɗaya dogo, yana sa sautuka su ji kamar a wuri ɗaya aka kaɗa su. Shi ma amon ana yanke masa kauri ƙasa da haz 200 ko 300, in ba haka ba ya mayar da kiɗan laka.

Tsufantarwa da kammalawa

Kaset, wanda kamfanin Philips ya gabatar a 1963, yana jan zarensa da saurin santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma wannan jinkiri da rashin daidaiton injin jan zaren su ne ke haifar da alamomin da ake danganta su da tsufa: ɗan huci a ƙasan kiɗa, da raguwar kaifi, da rawar murya sama da ƙasa, da tausasawar sauti idan ya yi ƙarfi. Akwai manhajojin da ke ƙera duk waɗannan, kuma a nan ne masu farawa suka fi wuce gona da iri, domin injiniyoyin wancan lokaci yaƙi suke yi da waɗannan lahani, faya-fayan da suka fitar kuma tsaf suke. Kaɗan ya isa, wanda sai an kashe shi za a lura cewa yana nan. Tausasawar tana da wani amfani na zahiri ga bes, domin tana haifar masa da ƙarin girgiza a sama, abin da ke sa a ji shi a lasifikar wayar hannu wadda ba ta iya fitar da kauri na can ƙasa.

Mataki na ƙarshe, wanda ake kira mastarin, shi ne ɗaga ƙarfin kiɗan gaba ɗaya da na'urar da ke hana shi taɓa rufi, a bar masa kimanin desibel ɗaya ƙasa da sifili. Babu riba a matse shi har ya rasa numfashi, tunda dandalolin sauraro irin su Spotify da YouTube suna sauke kiɗan da ya cika ƙarfi zuwa matsayin sauran. Kafin a fitar da aiki ana saurarensa a hedifon da wayar hannu da rediyon mota, ana kuma haɗe hagu da dama su zama ɗaya a ji ko koras ya cinye shimfiɗar, domin ƙananan lasifikoki da yawa baki ɗaya ne da su. Kunne kuma jari ne da ba a sake saye: sautin da ya kai desibel 85 yana iya yin lahani idan aka daɗe a cikinsa na sa'o'i takwas a rana, saboda haka ake aiki a ƙarfin da za a iya hira a kansa ba tare da ɗaga murya ba, ana kuma hutawa lokaci-lokaci. Wanda zai yanko sashen tsohon faifai ya sa a aikinsa kuma sai ya nemi izinin masu haƙƙin mallaka kafin ya fitar da shi.

Aikin gwaji

Ɗalibi zai tsara kiɗa na zango 32 a saurin bugu 100, da layuka biyar da layin amo biyu kawai, ya daidaita ƙarfinsu kafin ya taɓa ikwalaiza, ya ajiye kwafi a wannan mataki, sannan ya yi sauran gyare-gyaren ya ajiye kwafi na biyu. Bayan kwana ɗaya zai saurari kwafin biyu a ƙarfi iri ɗaya, tare da wata waƙa ta shekarun 1980 da ya zaɓa ya sauke ƙarfinta daidai da nasa, ya rubuta a littafinsa wurare uku da gyaran ya taimaka da wuri ɗaya da ya ɓata, tare da lambobin da ya yi amfani da su a kowanne, domin a tattauna su a aji kafin darasi na gaba.